Wake da Riɗi a Gidan Rabaran

Shekara ashirin da huɗu Yemima ta yi a duniya ba ta taɓa cin abincin gidan wani ba. Dokar mahaifinta ce, Baba Abednego, tsohon ma'aikacin reluwe kuma dattijon ikilisiya, mutumin da in ya kafa doka ko ranar Kirsimeti ba ta zuwa hutu. Biki ne, zaman makoki ne, da kular abincinta take zuwa, har 'yan layin teloli na kasuwar Kafanchan suka laƙaba mata Madam Kula.

Ranar da ta karya dokar, so ne ya ja ta. Silvanus, malamin sakandaren da ya shekara biyu yana kawo mata gyaran rigunan da babu abin da ya same su, shi ya ɗauke ta zuwa Manchok ta gaida mahaifiyarsa. Mama Afiniki ta rasa inda za ta ajiye ta don murna. Ta dafa mata wake da riɗi da manja, abincin da ba a yi sai don baƙon da ake ji da shi, ta kawo ta zauna a gabanta tana kallon bakinta.

Wace mai kunya ce za ta ce ta ƙoshi?

Loma uku ta yi. Kafin ta kai ga kofin ruwa leɓɓanta sun yi suntum, borin jini ya feso mata daga wuya har bayan hannu. Aka ce ko wani ƙwaro ne ya cije ta a hanya, aka rufe maganar Baba bai ji ba.

Bayan wata guda ta koma. Wannan karon faten acca aka yi, Mama Afiniki ma ta fara kai cokali biyu bakinta tana dariya don ta kwantar mata da hankali. Ba a yi minti goma ba maƙogwaron Yemima ya toshe. A kan mashin Silvanus ya ɗauko ta, ɗaure a bayansa da zanen uwarsa kamar goyo, yana gudu yana kiran sunan Yesu har ƙofar asibitin da ya fi kusa. Allura ce ta dawo mata da numfashi.

Daga nan babu sauran ɓoyo.

Washegarin sallamarta ta fito tsakar gida ta tarar da kayan gaisuwar da dangin Silvanus suka kawo jere a bakin ƙofa: buhun gishiri, jarkar manja, bargo, ga akuya an ɗaure ta a jikin bishiyar gwaiba tana ta kuka ita ma.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kaya ne zai koma inda ya fito," in ji shi, bai ko dube ta ba. "Sau biyu, Yemima. Kin ci a hannun matan nan sau biyu, kin kusa mutu sau biyu. Kina so in jira na uku ne in je in ɗauko gawa?"

"Baba, Mama ba ta sa komai ba. A kwano ɗaya muka ci fa."

"Mama! Har kin fara ce da shi Mama." Ya juyo, idanunsa jajur. "Wanda ya san abin da ya sa, ya san maganin da zai sha. Ni na ga irin wannan, yarinya na. Na gani da ido na."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana kuka. Bai janye ƙafar ba, kuma bai sauko ba. Haka Baba yake, son da yake mata ne ke fitowa ta hanyar faɗa, wannan kuwa ya fi ƙiyayya wuyar sha'ani.

Ba a jima ba sai ga motar Francis a ƙofar gida. Francis ma'aikaci ne a sakatariya, mai sayen wa ƙungiyar mawaƙan coci anko, kuma tun bara yake zagaya gidan yana kiran Baba da Dadi. Labarin rashin lafiyarta ya zo masa kamar an yi masa ƙarin girma. Ya sauke katan ɗin lemo, ya sa fuskar jimami wadda ba ta zauna masa daidai ba.

Rabaran na cocinsu ne ya hana kayan tafiya a ranar. Ya yi ta ba Baba haƙuri har ya yarda da sharaɗi guda, shi ma nasa ne: ranar Asabar ta mako biyu masu zuwa, matar Rabaran za ta sayo wake da riɗi da manja da hannunta, Mama Afiniki ta dafa a gidan Rabaran kowa na kallo, Yemima ta ci.

"In ta ci ba abin da ya same ta," in ji Baba, "to mun gane a gida ne ake ƙara wani abu. Ranan kaya zai koma, kuma zan tashi a coci ana cikin sujada in faɗa sunan matan nan."

Kafin kwana uku maganar ta isa Manchok. Matan zumuntar coci suka daina karɓar ko ruwa daga hannun Mama Afiniki. Kunun da take kaiwa bakin makaranta tun rasuwar mijinta ya riƙa komawa gida yadda ya fito.

*

Likitar da ta duba Yemima bayan sallama, Dakta Ruƙayyatu, ta ce mata ta dawo idan ta ji ƙarfi. Ranar Litinin ta rufe shago ta tafi, Silvanus na biye da ita kamar wanda za a yanke wa hukunci.

Daktar ba ta da gaggawa. Ta ɗauki biro ta ce a lissafa mata duk abin da ke cikin abincin nan biyu, ɗaya bayan ɗaya. Na farko ba wuya. Na biyun ne sai da Silvanus ya kira uwarsa a waya.

"Acca ne, da yakuwa, da gauta," muryar Mama Afiniki ta fito a dashe, da ji ta sha kuka. "Gyaɗa na ya ƙare ranan, sai na niƙa riɗi na sa. Allah na gani, shi ke nan abin da na sa."

Dakta Ruƙayyatu ta ja layi a ƙarƙashin wata kalma.

"Ina da wanda nake zargi," ta ce, "amma ba zan kama shi ba sai jini ya ba da shaida. Kin ga, jiki yana da masu gadi. Wani lokaci sukan yi kuskure irin na karen gida da ya far wa ɗan gida, su ɗauki abinci mai kyau a matsayin maƙiyi. Abin da mutum ɗari za su ci su kwana lafiya, ke ki ci ya shaƙe ki."

"Ba guba ba ke nan?" in ji Silvanus.

"Ba na zaton haka. Akwai gwajin da ake yi a fata, a ɗiga abin a ɗan soka. Amma tana shan ƙwayar ƙaiƙayi, ita kuwa tana ɓata wannan gwajin, sannan wadda maƙogwaronta ya taɓa toshewa ba na son in yi wasa da ita. Jini za mu ɗiba mu aika Abuja. A can za a gwada shi da wake daban, gyaɗa daban, riɗi daban, a ga wanda jinin ya yi wa shirin faɗa. Ke kina gida abinki, babu abin da zai taɓa ki. Kwana goma sakamako zai dawo."

Kwana goma. Yemima ta lissafa da yatsu, ya faɗa ranar Alhamis, saura kwana biyu a yi zaman gidan Rabaran.

"Manya da yara duk muna yi musu," daktar ta ci gaba tana ɗaura mata roba a dantse. "Makon jiya ma na ɗibi na wani jariri da ƙwai ke kumbura wa fuska, kakarsa har ta kori mai raino. Yawanci tun ana ƙanana yake farawa. Ke fa, ya taɓa samunki kina yarinya?"



A gidan su Yemima akwai sunan da ba a faɗa: Damaris, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da Yemima ta tsinta a bakin mahaifiyarta kafin ta rasu shi ne, tana 'yar shekara biyu, a wani biki, Anti Damaris ta goya ta ta ba ta abinci da yatsa, ta kusa mutuwa. Damaris ba ta taɓa haihuwa ba, sai mutane suka haɗa wannan da wancan, Baba ya kore ta a gaban dangi. Daga ranar dokar kula ta fara. An ce tana Mararaban Rido tana gasa masara a bakin titi. Wane abinci ne aka ba ta, ba wanda ya taɓa gaya mata. Riɗi kuwa bai taɓa shiga gidansu ba, Baba ya ce ko warinsa ba ya so.

"An ce sau ɗaya," ta amsa a hankali. "Ban san me na ci ba."

Daktar ta dube ta, ba ta ƙara tambaya ba, ta ɗauko allura.

Nan fa jarumi ya nuna halinsa. Mutumin da ya goya ta a kan mashin yana keta ramuka, da ganin jini na hawa sirinji sai gumi ya karyo masa, ya nemi bango ya jingina.

"Malam, ni ake soka ko kai?" in ji Yemima, dariyar farko da ta yi cikin mako guda.

"Abeg, Mima, kar ki kalle ni. Ki ba ni hannun ki ɗayan."

Ta miƙa masa. Ita aka ɗebi jininta, ita ce kuma ta riƙe shi tana ce masa sannu har aka gama.

*

Ranar Alhamis takarda ta iso. Jerin abinci ne, kowanne da lamba a gabansa. Wake ba komai, gyaɗa ba komai, acca ba komai. A gaban riɗi lambar ta yi sama, an yi mata alama da ja.

"Takarda ita kaɗai ba ta yanke hukunci," in ji Dakta Ruƙayyatu, "amma ta yi daidai da abin da ya same ki sau biyu. Riɗi ne. Kantu, man riɗi, miyar da aka sa shi, duk ki yi nesa da su. Ki saurare ni da kyau, Yemima: kada ki gwada, ko da ɗanɗano ne. Na uku yana iya fin na biyu muni, kuma ba kullum ake isa asibiti a kan lokaci ba."

Ta ba ta ƙwayoyi ta riƙa yawo da su, ta ce in numfashi ya fara sarƙewa ba a jiran ƙwaya, asibiti ake nufa.

Yemima ta fito da takardar a ƙirjinta, tana jin kamar ta yi rawa a tsakiyar titi. Ta shiga keke napep ta wuce gida kai tsaye. Ta tarar da Baba a ƙarƙashin gwaiba, Francis na gefensa yana ɓare masa lemo.

Baba ya sa tabarau ya duba takardar sama da ƙasa, ya ninke ta.

"Wa ya kai ki wurin daktan?"

"Ni na je, Baba. Silvanus ya raka ni."

"Silvanus ya raka ki." Ya jinjina kai. "Riɗi! Duk ƙasan nan da riɗi aka yaye mu. Kakan ki ya ci har ya yi shekara casa'in. Yau za a ce mini riɗi na kashe mutum?"

"Dadi," Francis ya sa baki a ladabce, "yanzu fa ko satifiket na digiri ana bugawa a bayan kasuwa."

"Baba, jini na ne suka gwada. Jinin ka ne a jiki na!"

"Ni ban san takarda ba. Abinci muka yi alkawari a kai gaban Rabaran, abinci za mu gani."

Ya miƙa mata takardar, ya koma kan lemonsa. Ita kuwa hawaye ya rufe mata ido.

Ranar Juma'a da la'asar suka haɗu da Silvanus a bakin tsohon layin dogo, inda suka saba zama idan ta tashi daga shago. Ta gaya masa komai.

"Ba damuwa," ya ce. "Mu kai wa Rabaran takardan, gobe zai karanta a gaban kowa. Na gaya wa Mama, ta yi ta kuka tana cewa ashe ita ce ta kusa kashe ki da hannun ta. Na ce ba laifin ta ba ne. Za ta dafa don ta cika alkawari, amma ba wanda zai ci sai mu."

"In Baba ya ƙi takardan fa?"

"Sai mu jira ya huce."

"Ba ka san Baba ba, Silva. Shekara ashirin da biyu bai huce da ƙanwan shi ba." Ta share ido da gefen gyale. "In na ƙi ci, zai ce ni ma ina tsoron hannun Mama. Jibi a sujada zai kira sunan ta. Ta ina za ta ƙara shiga kasuwan Manchok? Abu ɗaya ne kawai zai sa ya yarda, ya ga abin ya kama ni a abincin da kowa ya ga yadda aka dafa."

Ya miƙe zumbur.

"Kar ki ma gama maganan nan!"

"Loma ɗaya ne. Asibiti na kusa da gidan Rabaran."

"Mima, ni na goya ki ranan. Na ji lokacin da numfashin ki ya tsaya a baya na." Ya durƙusa a kan duwatsun layin, hawaye na zuba bai damu da masu wucewa ba. "Gara ki auri Francis ina ganin ki kina wucewa a mota, da in aure ki a kabari. Ki yi mini alkawari."

"In auri Francis? Ka daina zagi na."

"Ki yi alkawari, Mima."

Ta dube shi, son shi ya cika mata ƙirji har yana mata ciwo. Ta ce ta yi alkawari. Ta faɗa ne don ya tashi daga kan duwatsun.

*

Asabar da hantsi aka hallara a tsakar gidan Rabaran. Matarsa ta sayo komai da kanta, har itacen da tukunyar nata ne. Mama Afiniki ta zo da ɗan zanenta na zumunta, ta rame cikin mako biyun nan har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ta wanke hannu har gwiwa a gaban kowa, ta soya riɗi, ta daka, ta dafa wake ya yi luguf, ta zuba manja. Ba ta ɗaga ido ta dubi kowa ba.

Baba na zaune a kujera da sandarsa tsakanin ƙafafu. Francis, wanda ya kawo shi a mota, ya tsaya a bayansa kamar an riga an ba shi Yemima.

Aka juye abincin a tire aka ajiye a kan tabarma. Ƙamshi ya cika gidan.

Rabaran ya yi addu'a, sannan ya zaro takardar daga cikin Littafi Mai Tsarki.

"Dattijo, kafin komai akwai shaidar likita da ya kamata mu ji."

"Na gan shi, Rabaran. Ba a kan shi muka yi alkawari ba."

"Amma in har akwai haɗari ga yarinya, ni ba zan yarda a gidana a..."

"Wane haɗari? Matan ka ne ya sayo, kowa ya ga yadda aka dafa. In ba a sa komai ba, me zai same ta?"

Suna cikin wannan ja-in-ja, Silvanus ya matsa yana roƙon Baba, kowa hankalinsa na kan mazan. Ba wanda ya ga Yemima ta zame ta durƙusa a gaban tiren. Ta dubi bayan Silvanus, ta ce masa ya yafe mata a zuciyarta. Ta tsoma hannu ta ɗebo loma, manja na gangaro mata har tsintsiyar hannu, ta rufe ido ta nufi baki.

Mutum ɗaya ce ba ta ɗauke ido daga kanta ba.

Yadda tsohuwar nan ta tsallake murhu, har yau matar Rabaran ba ta iya bayani. Sai ji aka yi tire ya yi ƙara a ƙasa, wake ya watsu, Mama Afiniki ta damƙe hannun Yemima da hannu biyu ta karkaɗe lomar.

"Ba za ki ci ba! Na rantse ba za ki ci ba! Ruwa! Ku kawo sabulu!"

"Mama, ki bar ni," Yemima ta fashe da kuka. "Ki bar ni ya gani. Za su ce ke mayya ce."

"Su ce!"

Ta ja ta zuwa bokiti tana wanke mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana duba leɓɓanta ko wani abu ya taɓa.

"Dadi, ka gani ko?" in ji Francis. "Ta san abinci ɗin ba komai a ciki, ta san asirin ta zai tonu, shi ya sa ta zubar."

Mama Afiniki ta juyo, ba ta saki hannun ba. Ba Francis ta kalla ba, Baba ta kalla.

"Baban Yemima, ka ji ni. Duk sunan da ka ga dama ka kira ni gobe a coci, na karɓa. Ka ce mayya, na karɓa. Ka mayar da kaya, ka ba ta wanda kake so. Yaro na zai yi kuka ya gaji." Muryarta ta karye. "Amma yarinyan nan ba za ta sa abin nan a baki ina tsaye ba. Na ba ta sau biyu ban sani ba. Yanzu na sani."

Kaji suka far wa waken da ya watsu.

Silvanus ya riga ya zazzage jakar Yemima ya ɓallo ƙwaya ya sa mata a baki, ya kara kunnensa kusa da fuskarta yana sauraron numfashi. Numfashi lafiya lau. Harara ɗaya ya yi mata mai cike da hawaye, ta sunkuyar da kai.

"Yesu!" matar Rabaran ce ta yi ƙara. "Ku duba hannun ta."

A bayan yatsun Yemima, da duk inda man ya gangara har tsintsiyar hannu, fata ta fara tashi rudu-rudu. Ba a ko'ina ba, sai daidai hanyar da man ya bi. Abincin da matar Rabaran ta sayo, a tukunyar matar Rabaran, a gaban idon kowa.

Baba ya miƙe, sandar ta faɗi bai ɗauka ba. Ya tako a hankali ya kama hannun 'yarsa ya kai shi kusa da idonsa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya shafa gefen kumburin kamar yana tsoron ya fashe.

"Haka ya yi," ya ce, da muryar da Yemima ba ta taɓa ji ba. "Haka kumatun ki ya yi ranan. Daidai inda yatsan ta ya shafa."

"Yatsan wa, Baba?"

Bakinsa ya motsa sau biyu kafin sunan ya fito.

"Damaris."

"Me ta ba ni?"

Ya dubi wake da riɗin da ke warwatse a ƙasa, kowa ya gane amsar.

"Rabaran," ya ce can, "karanta mini takardan."

Rabaran ya karanta tun daga sama har ƙasa, har da bayanin da daktar ta ƙara da hannunta cewa abin kan fara tun ƙuruciya. Kafin ya kai ƙarshe aka ji tashin mota a waje. Francis ya tuna yana da taro.

Baba ya je bakin bokiti ya wanke hannu. Ya durƙusa a gaban tukunyar, shi da bai taɓa durƙusa wa kowa ba sai Ubangiji, ya ɗebo abin da ya rage a gindinta ya kai baki. Shekara ashirin da biyu rabonsa da shi. Ya tauna a hankali, hawaye na bin gemunsa.

"Na Damaris ya fi wannan gishiri," ya ce, sai kuka ya ƙwace masa.

Mama Afiniki ta tsaya a kansa ta rasa abin yi, ita ma tana sharɓe.

"Maman Silvanus, ki yafe ni."

"Na yafe, Baban Yemima. Tsoro ne. Ni ma na haifa."

"Ki sa mini sauran a wani abu. Zan kai wa wani." Ya waiwaya ya hango kular Yemima a gefen tabarma. "Ga kula can."

"A'a!" Mama Afiniki ta riga shi kai hannu ta rungume kular. "Ba a kulan ta ba. Wannan riɗi ba zai taɓa shi ba har abada. Mama Rabaran, ara mana kwano."

Yemima ta yi dariya cikin kuka, ta jingina kanta a kafaɗar tsohuwar. Ba wanda ya ƙara ta da maganar gishiri da akuya.

Baba ya karɓi kwanon da aka ɗaure masa a ƙyalle. Ya tsaya da shi a hannu yana kallon ƙofa, ya yi taku ɗaya ya tsaya. Sannan ya juyo wajen Silvanus, saurayin da ya yi mako biyu bai amsa gaisuwarsa ba.

"Ka san hanyan Mararaban Rido?"

"Na sani, Baba."

"An ce tana gasa masara a bakin titi. Ban san ko zan gane ta ba. Ban san ko za ta yarda ta kalle ni ba." Ya miƙa masa kwanon. "Ka riƙe mini, ɗa na. Ka raka ni. Ni kaɗai ban san da wane fuska zan je ba."